Yadda za ka tada tsohuwar motar Amurka da ta daɗe kwance

Ƴan uwa masu son mota, maganar yau ta tsofaffin motocin Amurka ce, irin dogayen nan masu faɗin kapo da farin ƙarfe mai walƙiya gaba da baya, waɗanda yanzu in ka ga guda a Yamai to galibi a bayan wani garaji ne ko cikin wani tsohon gida ƙarƙashin dogon yaro, tayu sun sace, ƙasa ta ci rabin janti, awaki na kwana a inuwarta. Dama can ba su taɓa yawa a ƙasar nan ba, mu Peugeot 404 da 504 muka tashi muka tarar ko'ina, sai Land Rover, sai Toyota daga baya. Na Amurka ƴan kaɗan ne, wasu ta hannun ma'aikatan ambasad da ƙungiyoyin agaji suka shigo, wasu kuma manyan alhazai suka hawo da su daga Najeriya ko daga bakin teku. To ƴan kaɗan ɗin nan da suka rage su ne masu sayen ƙarfe a kilo ke bi suna yankawa, kuma wallahi abin na ƙona min rai, don da yawansu ba su mutu ba. Inji ne na zallar ƙarfe, ba kwamfuta ba wayoyi dubu, duk makaniken da ya ƙware a 504 zai iya shi. Abin da ke ƙarasa su gaggawa ce, da kuma kile da ba nasu ba. Shi ya sa nake so mu bi abin daki-daki, in Allah ya haɗa ka da guda, ta gado ko ta saye.

Fara da sanin wace ce a gabanka

Kar ka taɓa komi sai ka san suna da shekara, don duk piyes ɗin da za ka nema nan gaba da su biyun nan za a tambaye ka. Sau da yawa yara sun riga sun ɓalle rubutun jiki sun yi wasa da shi, to zagaya baya ka dubi fitilu. Babbar Chevrolet mai fitila uku-uku a kowane gefe Impala ce, da haka ta fito a 1958 kuma haka ta yi yawancin shekarun 1960, mai biyu-biyu kuwa Bel Air ce ko Biscayne, ƙannenta masu sauƙin kuɗi. In ka ga fukafukai a baya sun miƙe sama da ƴan jajayen fitilu biyu masu tsini a kowane, wagga Cadillac ce ta 1959, shekarar da fukafukan suka kai ƙarshen girmansu, a 1948 aka fara su ƴan ƙanana. Buick tana da ramuka uku ko huɗu a jere a gefen gaba tun 1949. Pontiac hancinta rabe yake biyu. Mustang kuwa, wadda Ford ta fito da ita a watan Afirilun 1964, doki ne a guje a gaba, fitilar baya kuma sanduna uku a tsaye.

Shekara ma jikin motar zai faɗa maka kusa-kusa. Parbiriz da ya lanƙwasa ya zagayo har gefe, na rabin ƙarshen shekarun 1950 ne. Fitilun gaba huɗu maimakon biyu, daga 1958. Ƴan ƙananan fitilu ko gilasai masu ƙyalli a gefen jiki gaba da baya, daga 1968 ne dokar Amurka ta tilasta su. Parshok mai kauri da ya turo gaba sosai, daga 1973. Bayan nan sai ka nemi lambar shasi, a na 1968 zuwa sama galibi tana kan tablo gefen direba ana hango ta ta gilashi, a waɗanda suka girme haka kuma buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin ƙofa ko bakin ƙofar kanta, akwai ɗan faranti na ƙarfe. Kar ka yi mamaki in lambar gajera ce, mai harafi da lamba 17 da muka saba gani sai a 1981 ta zama ta kowa. Goge ta da tsumma da ɗan gazuwal, kar ka kankare da wuƙa, ka ɗauki hoto da salula ka ajiye.

Wani abu kuma, za ka iya zagaya motar sau uku ba ka ga bakin tanki ba. A Chevrolet ta 1957 yana ɓoye bayan farin ƙarfen fiffiken hagu, sai ka buɗe shi gefe, a manyan motocin General Motors (kamfanin da ya ƙera Chevrolet da Buick da Pontiac da Cadillac) da yawa na shekarun 1960 kuma yana bayan lambar mota, ka jawo lambar ƙasa ka gan shi.

Ciki kuwa nan ne daɗin yake, kuma nan ne wanda ya taɓa shiga irinsu ba ya mantawa. Kujerar gaba doguwa ce guda daga ƙofa zuwa ƙofa, mutum uku su zauna a sake ba mai matsa wani, don bitas ɗin a jikin bolan yake ba a ƙasa ba. Bolan ɗin siriri ne mai faɗi da zoben ƙarfe a tsakiya na oda. Ni tun ina yaro akwai wani alhaji a unguwarmu da yake da irin wagga, fara, ba a fito da ita sai Juma'a da salla da ranar ɗaukar amarya, abin da ya zauna min a kai shi ne ɗan ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku da ke gaban gilashin ƙofa, in an juya shi iska ta bugo ka a ƙirji kai tsaye, da kuma yadda motar ke lilo a hankali in ta hau rami, ba ka jin duka a baya ko kaɗan, sai gurnanin injin can ƙasa-ƙasa. Direban in zai sauya hasken fitila ba ya kai hannu ko'ina, ƙafar hagu yake takawa, ashe maɓallin a ƙasa yake can kusurwa. To kai ma in ka nemi na motarka ka rasa, ɗaga tabarmar ƙasa ka duba. Birkin ajiyewa ma a da yawansu feda ce ta ƙafar hagu. In kuma Chrysler ce ko Dodge ko Plymouth ta tsakanin 1956 da 1964 mai otomatik, ba sandar bitas sam, maɓallai ne a tablo kake dannawa. Ka karanta haruffan bitas da kyau kafin ranar tuƙi, wasu na shekarun 1950 R ɗinsu, wato bitas ɗin baya, a can ƙarshe yake bayan L, ba kusa da P ba yadda muka saba.

Kontar ma kar ta ruɗe ka. Da mil take ƙirga, mil guda kilomita 1,6 ne, kuma lamba biyar gare ta, in ta kai 99999 sai ta koma sifili. Don haka in ka ga 30000 ba lalle sabuwa ba ce, dubi yadda robar feda ta cinye da yadda ƙofar direba ta sauka, su ne ba sa ƙarya.

Shiga ƙarƙashi

Fenti ba komi ba ne, kujera ma masu ɗinki za su yi maka ita tsaf. Shasi shi ne motar. Amma kafin ka kwanta ƙasa ka bubbuga jikinta da sanda, ka share ciyawa, motar da ta shekara goma a wuri guda gidan kunama ne da maciji. Ka ɗaga ta kan kututture ko ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, kar ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, waɗannan manyan suna kusan tan biyu. Ɗauki sukundireba ka riƙa soka shasin daga gaba har baya, musamman inda ya lanƙwasa saman tayun baya, in ƙarfe ya yi ƙara to lafiya, in ya burma to sai lissafi. Manyan Chevrolet na 1958 zuwa 1964 shasinsu giciye yake a tsakiya, siffar X, daga 1965 ya koma zagaye da gefe. Mustang ba ta da shasi daban, jikin ne shasin, haka yawancin motocin Chrysler daga 1960, to a irin waɗannan tsatsar ƙasan ƙafa ba ƙaramar magana ba ce.

Mu nan Allah ya rufa mana asiri da bushewa, motar da ta yi rayuwarta a Yamai ko Tawa tsatsa ba ta cika cinta ba sai inda ruwan damina ya kwanta, ƙasan kofur da ƙasan tabarma. Rana ce ke cinye mana roba da tablo da kujeru. Wadda za a kawo maka daga waje ita ce abin tsoro, jihohin arewacin Amurka irin su Michigan da Ohio da New York gishiri suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfe daga ciki. Ta Arizona ko California ta fi. Wadda ta daɗe ajiye a bakin teku, Kwatano ko Lome, ita ma duba ta da kyau. Ka tafi da ɗan mayen ƙarfe ka riƙa manna shi a ƙasan ƙofofi da bakin tayu, inda ya ƙi kamawa mastik ne aka cusa aka shafe da fenti.

Maganar kile

Nan ne ake ɓarna mafi yawa a garajinmu, kuma ba da mugun nufi ba. Bulon da notin motocin nan da inci aka auna su ba da milimita ba. Rabin inci milimita 12,7 ne, yaron garaji zai sa kile 13 ya ga kamar ya zauna, ya ja da ƙarfi, kan bulon ya murje. Na 9/16 kuma 14,3 ne, kile 14 ba ya shiga, 15 ya yi yawa, sai a ɗauko guduma da kurfi, shi kenan an kashe bulon da ba za ka samu irinsa a shago ba. Don Allah kafin a kwance ko noti guda ka nemo saitin kile na inci, 3/8, 7/16, 1/2, 9/16, 5/8, 3/4, da waɗannan za ka kwance kusan rabin motar. Ka zaga kasuwannin Ferai da Katako a Yamai wajen masu tsofaffin kayan aiki, ko ka sa wani ya taho maka da shi daga Kano. Zaren bulon ma daban ne, kar a tura na milimita cikin ramin inci da ƙarfi. Duk abin da aka kwance a sa shi cikin leda ko gwangwani a rubuta inda ya fito.

Kuma ga wani tarko, motocin Chrysler da Dodge da Plymouth har wajen 1970 notin tayun gefen direba baibai suke kwancewa, zuwa dama. In ka duba kan bulon za ka ga harafin L. Mutane nawa suka hau kan kile da ƙafa suna tsalle har bulon ya karye, suna cewa tsatsa ce, alhali ƙara ɗaure shi suke yi.

Tada injin

Abin da kowa ke so shi ne a kawo batir a murza lakile a ji ko za ta tashi. Kar ka yarda, ko wa ya ce. Injin da ya shekara da shekaru bai juya ba kamar majinyacin da ya daɗe kwance ne, da kunu ake fara masa ba da tuwo ba. Man da ke jikin silinda ya tsiyaye tuntuni, sagiman, wato zobban piston, sun manne, in demarar ta fizge shi da ƙarfi sai su karye ko su kankare silinda, aikin kwana uku ya koma na wata uku.

Buɗe kapo ka fara share gidan kusu, ka bi wayoyi da ido ka ga inda suka ci. Cire murfin filtir na iska ka leƙa karbirater, zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a nan, in ka gani ka toshe maƙogwaron da tsumma kafin ka ɓamɓare don kar ƙasar ta faɗa ciki. Zaro sandar awon mai, baƙi ba laifi, amma in ya yi fari-fari ya yi kauri to ruwa ya shiga, wataƙila juwan kilas ne, wato faifan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya lalace. Sai ka sa wa wayoyin buji lamba da salatif tun kafin ka cire su, ka hure ƙurar da ke gindin kowane buji, ka kwance su duka. Kowane rami ka zuba masa kamar cokali biyu na man buwat otomatik, ko man inji da aka sirka da gazuwal, ka rufe da tsumma ka tafi harkarka kwana uku zuwa mako. Da ka dawo sai ka sa kile a bulon ɗin pulin ƙasa ka juya da hannu, zuwa dama in kana tsaye a gaban motar. In ya juya zagaye biyu cikakku ba tare da ya cije ba, alhamdulillahi, rabin aiki ya ƙare. In ya ƙi, kar ka sa bututu a kile ka danna, ƙara mai ka ƙara haƙuri, kullum ka ɗan motsa shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan nan bidanj, sabon mai da sabon filtir, a zafinmu 20W-50 ya fi dacewa da tsohon inji. Tsohon isansin da ke tanki kar ɗigo guda ya kai karbirater, ya riga ya zama danƙo mai warin fenti, cire tiyon da ke shiga pompon isansi ka sa shi cikin ƙaramin bido na sabon isansi, tankin kuma a sauke shi a wanke daga baya. Duk tiyon roba na isansi sauya shi, ko da ido ya ga kamar lafiya, robar da ta shekara talatin tsagewa take yi kuma a kan inji mai zafi take zuba.

Batir ma sai ka tabbatar. Chevrolet ta koma bolt 12 a 1955, Ford da Chrysler a 1956, waɗanda suka girme haka bolt 6 ne, kuma Ford da Chrysler na lokacin wayar + ce ke zuwa jikin ƙarfe, ba ta − ba. In ka haɗa mata batir na yau yadda ka saba, kwararan fitila da agogunan tablo za su ƙone. Da ka haɗa batir tsaya minti biyu kana shinshinawa, hannunka a kan kan batir ɗin, in ka ji ƙauri zare. Sai ka murza demarar tun ba a mayar da buji ba, daƙiƙa goma-goma kana hutawa, har fitilar mai ta mutu ko allurar ta motsa, man da ka zuba zai feso ta ramukan don haka rufa tsumma.

Yanzu wuta. Buɗe murfin delko, wato mai raba wa buji wuta, yawancin na kafin 1975 platin gare su, goge bakinsa da ƴar takarda mai laushi, buɗewarsa wajen milimita 0,4, bakin buji kuma 0,9. Wurin da delko yake ma zai faɗa maka wane inji ne, a ƙaramin V8 na Chevrolet, wato inji mai silinda takwas, can baya yake kusa da parbiriz, a na Ford gaba yake. In wani ya riga ka cire wayoyin ya hargitsa su, ga yadda suke. Chevrolet, wato 283 da 327 da 350, jerin wutarsa 1-8-4-3-6-5-7-2, silinda 1, 3, 5, 7 a gefen direba daga gaba, 2, 4, 6, 8 a ɗaya gefen, kuma rotar na juyawa yadda agogo ke yi. Ford 289 da tsohon 302 jerinsu 1-5-4-2-6-3-7-8, silinda 1 zuwa 4 a gefen mai zaman banza, 5 zuwa 8 a gefen direba, rotar na juyawa baibai. Lambobin nan na 283 da 350 girman inji ne da awon Amurka, 350 lita 5,7 kenan, 289 lita 4,7. In kuma ka buɗe kapon Dodge ko Plymouth ka ga inji mai silinda shida a jere ya kishingiɗa gefe guda, kar ka ce ƙafarsa ce ta karye, haka aka ƙera shi, a karkace da digiri 30, kuma yana cikin injinan da suka fi kowane juriya.

Ranar tayarwa ka fito da ita fili, ka ajiye abin kashe gobara da bokitin yashi kusa. Zuba ɗan isansi kaɗan a karbirater, murfin kwalba guda ya isa, ka ja da baya sannan a murza. Kar wani ya tsaya yana tsiyaya isansi daga kwalba ana murzawa, kar kuma ya sa fuska saman karbirater, injin nan yana yin atishawar wuta ta sama. Za ta yi tari, za ta yi hayaƙi fari da shuɗi ya cika unguwa, man da ka zuba ne ke ƙonewa. Kar ka taka totur da ƙarfi, bar ta tana gurnani a hankali, idonka a kan fitilar mai da allurar zafi, wani kuma yana leƙen ƙasa ko akwai yoyo. In ta saba, ka san cewa da safe sai ka taka totur sau ɗaya ko biyu har ƙasa kafin ka murza lakile, haka ake ɗana mata shok na karbirater, mai rage iska don inji mai sanyi ya tashi.

Mai otomatik ba a tada ta da turi, kar a wahalar da yaran unguwa. Kuma in za a ja ta zuwa garaji mai nisa a kwance kardan tukuna ko a ɗora ta kan babbar mota, jan ta tayun baya na ƙasa inji a kashe yana ƙona buwat. Man buwat ja ne, in ya yi baƙi yana ƙauri akwai aiki. Na General Motors Dexron ne, tsofaffin Ford kuma Type F suke sha, kar a haɗa. Ana auna shi inji na aiki ya yi zafi, bitas a P, a na Chrysler kuma a N. In kana tuƙa tsohuwar Chevrolet ka ji ta sauya bitas sau ɗaya tak ta tsaya nan, ba lalacewa ba ce, Powerglide ce, bitas biyu gare ta.

Birki kafin titi

Inji ya tashi, rai ya yi fari, kowa na cewa a zaga da ita. A'a. Mota mai tan biyu a titin Yamai cike da kabu-kabu da amalanke da ƴan makaranta, birki ne farko. Dubi tukunyar lokid, wato man birki, in rami guda ne da tiyo guda to duka tayu huɗu layi ɗaya suke, wuri guda ya fashe feda ta tafi ƙasa ba ka da komi. Sai daga 1967 aka koma layi biyu. Ni shawarata ko da kana son motar ta zauna yadda aka ƙera ta, wanga guda ka sauya shi zuwa mai layi biyu, rai ya fi asali. Sauya tiyon roba na birki duka, buɗe tambur huɗu a duba ƙananan silinda, a zuba sabon lokid DOT 3. Ƙurar cikin tambur kar a hure ta da kwamfaresa, tsofaffin takalman birki akwai asbestos a ciki mai lahani ga huhu, a jiƙa da ruwa a goge. Tayu kuma ko zanensu na nan kar ka amince da su, dubi lamba huɗu na ƙarshe a jiki, mako ne da shekarar da aka ƙera su. Jantin Ford da Chrysler masu rami biyar da yawa awon tazarar ramukansu milimita 114,3 ne, irin na Toyota da yawa, na Chevrolet kuwa 120,65 ne, kusa yake da wasu amma ba ɗaya ba, kar a tilasta.

Sai zafi, wanda shi ne jarabawar gaske. A watan Afirilu da Mayu da rana ke kai digiri 45, V8 a cikin cunkoson gadar Kennedy zai nuna maka duk inda aka yi ha'inci. A sauke radiyater a kai wa masu wanki su buɗe shi su zure, in ya ruɓe a sa masa sabon ciki mai layi uku ko huɗu. Kwandon da ke zagaye da fanka in ya ɓace a ƙera wani, shi ke sa fanka ta jawo iska ta cikin radiyater in mota na tsaye. Na san makanikanmu da sun ga termosta, abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, sai su cire su jefar, ni ban goyi bayan haka ba, sa sabo mai buɗewa a digiri 82, in mota na zafi da shi to laifin na wani wuri ne. Ruwan rijiya ko na pompo zalla yana tara farin dutse a ciki, sayi ruwan radiyater na gaske. Akwai kuma wata cuta ta bazara, ka tsaya shago minti goma ka dawo mota ta ƙi tashi, isansi ne ya tafasa a cikin tiyo da karbirater, maganinsa a nisanta tiyon daga bututun hayaƙi a naɗe shi, a sa ɗan faifai mai hana zafi ƙarƙashin karbirater. Filtir na iska in irin tsohon nan ne mai kwanon mai a ƙasa kar ka raina shi, ya dace da ƙurarmu, wanke shi kawai ka sa sabon mai, lokacin hunturu ka yawaita.

Isansi, gaskiya tana sha. Babbar V8 lita 15 zuwa 20 take ci a kilomita 100, a cikin gari ma fiye. Yamai zuwa Tawa ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni wajen kilomita 550 ne, ka ga kusan lita 100 kenan, tankin Impala ta farkon shekarun 1960 kuma galan 20 ne, lita 75 da ƴan kai, sai ka sha a hanya. Ka guji na kwalba in da hali, in ya zama dole a tace da tsumma, kuma ka ƙara filtir mai gilashi kafin pompo. Injinan kafin farkon shekarun 1970 da isansi mai dalma aka ƙera su, shi kuwa an daina shi a ƙasashenmu tun 2006, ga mai fita Juma'a da salla ba wata damuwa, amma duk ranar da aka buɗe kilas ka sa a dasa mata mazaunin supap masu tauri.

Saboda shan man nan wasu ke cire injin su dasa na gazuwal na Toyota. Na fahimce su, a Kuba ma da haka suka riƙe nasu shekara da shekaru da aka hana su piyes. Amma in naka na asali yana juyawa ina roƙonka ka bar shi, muryar motar a nan take, darajarta ma a nan take in ka tashi sayarwa. In ka ga babu makawa to kar ka sayar da tsohon a kilo, zuba masa mai ka naɗe ka ajiye a ɗaki. Piyes ɗinsa ba wuyar da ake faɗa ba ce, ƙaramin V8 na Chevrolet tun 1955 ake yin zuriyarsa, an ƙera fiye da miliyan 100, kuma 350 ɗin yana cikin Suburban da pikap har shekarun 1990, irin waɗanda ambasad da ƙungiyoyi suka yi aiki da su, don haka ka riƙa leƙa wajen masu yankan mota. Mustang da Impala da Camaro da Chevrolet na 1955 zuwa 1957 har yau ana ƙera musu sabbin kaya a Amurka, daga robar gilashi har ƙofa sukutum, ɗan uwa da ke can zai iya saya ya sako maka a kwantena. Waɗanda kamfaninsu ya rufe, Plymouth a 2001, Oldsmobile a 2004, Pontiac a 2010, kayan inji ana samu, amma fitilar baya da farin ƙarfen ado da parbiriz su ne wahala, don haka ko fasasshe ne kar ka jefar, kar kuma ka bar mai fenti ya ɓamɓare su da sukundireba, da ƴan maƙalai suke daga ciki.

Takardu kuma ka fara su tun kafin ka zuba kuɗi a gyara. In ta gado ce, a zauna da duk magada a yi magana a rubuta, don motar da ba wanda ya kula da ita tana kwance, ranar da ta fito tana walƙiya kowa zai tuna da rabonsa. Nemi tsohuwar kart giriz ka gwada lambarta da ta jikin shasi harafi-harafi. In daga waje za ka kawo, je wajen taranziter, mai fitar wa mutane kaya daga duwan, ya faɗa maka abin da duwan za ta nema a kan mota mai waɗannan shekaru kafin ka tura ko dala. Sai asirans da bizit teknik. Fitar farko ka yi ta da sassafe bayan asuba, cikin unguwa, makanike na gefenka da kile na inci da bidon ruwa a kofur, ka taka birki tun kana tafiyar ƙafa ka ji ko tana ja gefe, in kun dawo ka taɓa kowane janti da bayan hannu, wanda ya fi sauran zafi birkinsa na kamawa, a sake buɗe shi. Daga nan ka yi mata rumfa, kuma ko ba ka da inda za ka, kowane mako ka fito da ita ta yi tafiyar minti ashirin har inji ya yi zafi sosai.